Macijin da Ba Na Tsumma Ba

Ni na fara ganinsa, kafin fasto, kafin mawaƙa, kafin kowa. Ranar Lahadi ce, yara suna wasan Adamu da Hauwa'u a gaban coci, jikata ce Hauwa'u. Malamarsu ta ɗinka maciji da tsumma, ta rataye shi a jikin wani reshe mai duhun ganye da aka saro da safe, aka kafa cikin bokitin ƙasa. Ashe reshen da mai gidansa ya zo.

Ina dubawa sai na ga macizai biyu, ɗaya yana fito da harshe. Ban yi boko ba, amma na san tsumma ba ya lasar iska. Jama'a kuwa sai tafi suke. Matata har da zungurina: "Maigida, ka ga gwanintar ɗinki?"

"Wane ɗinki, tsohuwa!"

Yarinya ta miƙa hannu za ta tsinki ɗan itacen. Ni da gwiwata ke kuka kamar tsohuwar ƙofa, sai ga ni na tsallake benci. Na fizge ta, na kaɗo macijin ƙasa da sanda. Ya sare ni a diddige, ni kuma na murƙushe kansa.

Fasto ya durƙusa yana ɗaure mini ƙafa. "Baba, ai haka aka faɗa tun farkon duniya: maciji zai sari diddigen mutum, mutum ya murƙushe kansa!"

Na ce, "Na ji, ɗana. A ƙarasa wa'azin a asibiti."

Dafin da zai kayar da sa, ni zazzaɓi kawai ya sa mini. Jikata ko ƙwarzane babu. Mai musu ya zo in tuɓe masa takalmi, ya sa yatsa a tabon, in ya isa.