Faɗuwar Orval Kessler ta Ƙarshe

"Tun yaushe yake kwance a nan?" na tambaya.

Misis Tillotson ba ta buɗe ƙofarta ba. Ta taga ta amsa, allurai a soke a ƙirjin rigarta. "Wasa yake yi, Marge. Kin san halinsa."

Orval Kessler na kife a kan ciyawar tsakar gida, tiyo yana zubar da ruwa kusa da ƙafarsa. Ƙananan gidaje ne masu kallon juna a wani lungu na Hollywood, kuma in ka cire ni da nake ɗauko wa jarida labaran kotu, kowa da fim yake ci. Misis Tillotson tana ɗinka kayan 'yan wasa. Arnie Feld yana yanka fim yana haɗawa. Shi kuwa Orval, mutuwa ce sana'arsa. A harbe shi ya faɗo daga doki ko daga rufin mashaya, a biya shi, gobe a sake. Ranar Lahadi yakan mutu wa yaran unguwa kyauta.

Bara wani ya ambaci sunansa a gaban kwamitin majalisa mai farautar 'yan kwaminis a harkar fim. Wai an taɓa ganinsa a wani taro. Ba wanda ya ce an kore shi; wayarsa ce kawai ta daina ƙara. Ba a san wanda ya ba da sunan ba, shi ya sa gaisuwa ta yi ƙaranci a gidan.

Na birkito shi. Leɓensa ya yi shuɗi, amma yana numfashi.

"Arnie! Fito da motarka!"

Arnie ya leƙo, rabin jikinsa a cikin ɗaki. "Batir ya mutu."

"Da safe na ji ta tashi."

Ya yi ƙasa da murya, ya nuna titi da haɓa. Wata mota mai ruwan toka na tsaye a ƙetare, mutum ɗaya a ciki da malafa. "Tun farkon mako take nan. 'Yan leƙen asirin kwamitin nan ne, lambar mota suke ɗauka. Ina da yara, Marge."

"To, buga wa asibiti."

"Da wayata? Ke kin san mutum nawa ke sauraron layin nan?"

Labulen Misis Tillotson ya motsa, ya koma.

Sai mutumin ya fito daga motar, ya ƙetaro ba gaggawa. "Baiwar Allah, kama ƙafafun," in ji shi. Ya ɗauki kafaɗun kamar wanda ya saba.

Kujerar bayan motarsa cike take da takardun tallan talabijin. Na ture su, na ɗora kan Orval a cinyata. Mutumin ya ce sunansa Haskell, talabijin yake sayarwa, rufin da ba eriya yake dubawa. "Sinima ta gama yayi. Nan gaba kowa a falonsa zai kalla."

Orval ya buɗe ido. "Wa ya ɗauko ni?"

"Maƙwabta."

"Ƙarya ba ta karɓe ki ba, 'yar jarida." Ya ja numfashi da ƙyar. "Yaya na faɗi?"

"Rubda ciki."

"Kash. Da darakta ya ce a sake."

Kafin mu kai asibiti hannunsa ya saki nawa. Likita ya ce zuciya ce, kuma da an kawo shi da wuri, wataƙila. Bai ƙarasa ba, ni ma ban nema ba.

A bakin ƙofar asibiti Haskell ya cire malafa. "Mista Kessler ya huta."

"Ban gaya maka sunansa ba."

"A fim na san shi mana."

"Ba a taɓa rubuta sunansa a fim ba. Waɗanda ake harbewa ba a sa sunansu."

Ya yi murmushi, ya miƙo min kati mai hoton talabijin. "In kin shirya saye." Ban taɓa buga lambar ba.

Da na dawo, suna tsaye a ƙofofinsu, kowa a tasa.

"Na rantse na ɗauka wasa ne," in ji Misis Tillotson.

"Ni ma," in ji Arnie. "Mutumin da kullum yake faɗuwa?"

Ban yi musu ba. Sai dai Orval yana da ƙa'ida ɗaya da ko yaran unguwa sun haddace: in za ka mutu, ka juya fuskarka wajen kyamara, in ba haka ba uwarka ma ba za ta san kai ne ba. A tsakar gidan nan, ƙofofinmu ne kyamararsa. Bai taɓa faɗuwa ya ba mu ƙeya ba. Arnie kuwa ya yi shekaru yana yanka faɗuwar Orval da almakashinsa, hoto bayan hoto.

"Shi mai motar," Arnie ya ce, "ya tambayi wani abu a kaina?"

"Bai tambaya ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Wannan bai kwantar masa da hankali ba. Ya shiga, na ji ya murza makulli.

Ba wanda ya kashe famfon. Ciyawar ta kwanta daidai tsawon mutum a inda Orval ya faɗi, ruwan tiyo yana cika gurbin a hankali. Malafarsa na gefe, ta jiƙe sharkaf.