Rokar Baba Eleuterio

Baba ya rasu da hantsi a kan kujerarsa ta tsakar gida, kofinsa na gefe bai ma huce ba. Mutumin da ya tsufa yana dama albarushi da hannu, wanda duk garin San Lázaro ya ɗauka wata rana sai dai a tsinto shi guntu-guntu a rufin maƙwabta, sai ga shi ya tafi kamar mai gyangyaɗi. Na taɓa shi, na kira shi, na rufe masa ido. Daga nan na je na sauke waken da ke kan wuta kada ya kama. Ban yi kuka ba. Tun ranar da aka binne ɗana Fermín ban sake yi ba, kuma ba jarumta ba ce, babu shi ne kawai.

Fermín yana cikin waɗanda suka mutu shekara uku da suka wuce, ranar da rumfunan masu roka, karan nan mai albarushi da ake harbawa sama ya fashe, suka kama da wuta a kasuwa. Kayan kakansa ya je kaiwa. Bayan haka majalisar gari ta yi doka, ba sayarwa ba harbawa, biki ne ko mutuwa. Ranar da za a karanta ta suka zaunar da ni a kujerar gaba da hotonsa a cinyata. Ban ce uffan ba, amma har yau da sunana ake kiranta, dokar Casilda, kamar ni na zauna na rubuta. Masu yin roka suka daina amsa gaisuwata da kyau. Shi Baba bai taɓa yi mini maganar ba. Ya rufe ɗakin aikinsa, ya jawo kujerar nan ya zauna.

To, a nan roka ce ke faɗar mutuwa. Sai an ji ta mutanen kan duwatsu ke saukowa da kyandir da masara, maza su haƙa kabari, su ɗauki akwati. Ba a shiga gidan rasuwa ba a ji ta ba, don ita ce gayyatar. Wanda ake binnewa shiru mutum ɗaya ne, wanda ya kashe kansa. Shi ya sa duk da dokar, ba a taɓa yin rasuwa ba wani bai laɓe a bayan gona ya harba ko guda ɗaya ba. 'Yan sanda su zo su kama, a biya tara, a yi jana'iza. Ƙanena Hilario sau biyu ana kama shi a kan gawar wasu, kuma alƙali ya gaya masa na uku gidan yari ne a birni.

Hilario ya iso ya durƙusa gaban Baba, ya yi kukansa mai ƙara irin na mazan gidanmu. Da ya gama ya share hanci ya dube ni.

"Yaya, akwai sauran rokoki a cikin rumbu, ƙarƙashin masara. Baba da kansa ya ɓoye su."

"Na sani. Ni ke ɗebo masarar."

"To?"

"To me? Ka harba, 'yan sanda su tafi da kai, 'ya'yanka su ci me? Ka kira mutane a waya. Kowa yana da waya yanzu, har makahon bakin coci."

"Waya! Baba Eleuterio za a sanar da waya kamar an yi ɓatan akuya?"

"Kira su na ce maka."

Ya kira. Ya zauna a bakin rijiya yana ta kira har muryarsa ta dushe. Kowa sai ya ce Allah ya ji ƙansa, Allah ya ba mu haƙuri, ga su nan tafe. Muka yi wa Baba wanka, muka sa masa farar rigarsa ta zuwa coci, muka kwantar da shi a kan tebur da kyandir a kai da ƙafa. Na buɗe ƙofar gida har bango. Rana ta take, ba wanda ya shigo sai kajin maƙwabta.

Mutum ɗaya ce ta zo, maƙwabciyata Basilisa. Ita ta bayan danga ta shigo kamar kullum, don tsakanin gidanta da namu ba a neman izini. 'Ya'yanta mata biyu suka mutu a kasuwar ranar da Fermín ya mutu, suna sayar da furanni a rumfar da ke kusa. Tun daga lokacin kowane yammaci takan zo mu zauna mu ɓare masara, wani lokaci har duhu ya kusa ba wadda ta ce da wata komai. Ba ni da ƙawa sai ita. Idan aka harba roka, ko daga nesa ne, ƙarƙashin tebur take shigewa ta toshe kunne, ta yini tana amai.

Ta tsaya kan Baba ta yi masa addu'a, ta ɗaura zanen aikinta, ta hau niƙan masara a dutse.

"Casilda, abincin mutum nawa za a yi?"

"Ki yi da yawa."

Ta leƙa ƙofa, ta ga titi fayau, ta ci gaba da niƙa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Na gode da ba ku harba ba. Tun da na ji kukan Hilario gabana ke faɗuwa."

Na ce mata ba komai.

Wayar Hilario ta yi ƙara, Gwaggo Tránsito ce, ƙanwar Baba, daga can saman dutse. Ita ba ta san magana a hankali ba, don haka duk tsakar gidan muka ji.

"Kai Hilario, ba ni yayarka. Casilda? Ke, ki ji tsoron Allah ki gaya mini gaskiya. Da igiya ne ko magani ya sha?"

"Gwaggo, wace irin magana ce wannan? A kujerarsa ya mutu, yana shan kofi."

"Kofi, ko? To me ya sa ban ji komai ba? Tun safe nake zaune a ƙofa da mayafina a kai. Kurma ce ni? Mutumin da ya raka rabin garin nan kabari da rokarsa, a ce ya mutu gidansa tsit? Duk unguwa an gama magana, wai baƙin cikin dokarki ne ya sa ya rataye kansa a ɗakin aiki."

"Doka ce ta hana, Gwaggo."

"Doka ta hana a kan Pánfilo mai gyaran takalmi, ba a harba ba? Ta hana a kan jaririn Rufina, ba a harba ba? Sai a kan ɗan'uwana? 'Yar nan, shiru ma magana ce. Ni dai ba zan sauko in kunyata ku ba. Ku binne shi yadda ake binne irinsu, Allah ya yafe masa."

Ta kashe wayar. Hilario ya miƙe ya nufi rumbu. Na sha gabansa.

"Zauna."

"Ba ki ji ba ne? An ce Baba ya rataye kansa! Gobe Fada, limamin cocinmu, ma zai ce ba za a shigar da shi coci ba. Mu biyu za mu ɗauki akwatin, ni da ke? Ko kajin nan za su kama mana?"

"Na ce ka zauna. Kai ka cika baki kamar ganga."

Ya zauna. Na tsaya a tsakiyar gidan. Ta ƙofar ɗaki ina hango tafin ƙafar Baba, ta ɗayan gefen ina jin dutsen niƙan Basilisa yana kai da kawowa. Gaba kura baya sayaki ke nan, amma ko tsoro ban ji ba. Abin da na sani shi ne mutumin nan ya rasa jikansa ya rasa sana'arsa, bai taɓa ɗora mini laifi ko da kallo ba, kuma yanzu za a tura shi rami a ɓoye da sunan da ba nasa ba.

Na shiga rumbun na tone masarar. Suna nan a naɗe cikin buhu, karansu a miƙe, ɗaurin zarensu irin nasa wanda ba wanda ya iya. Na zaro ɗaya. Na biya ta murhu na ɗauki icce mai garwashi a baki.

Dutsen niƙa ya tsaya.

"Casilda."

"Ki shiga ɗaki ki toshe kunne, Basilisa."

"Casilda, ke fa?"

Na fita ƙofar gida, tsakiyar titi, inda kowa zai gani, don ranar wanka ba a ɓoye cibi. Rabona da riƙe roka tun ina budurwa, amma hannu bai manta ba. Ana riƙe karan ne sako-sako tsakanin yatsu biyu, a kawar da fuska, a taɓa lagwanin da wuta. Ba a jefa ta, da kanta take ƙwacewa. Ta yi huci, ta ja, na sake. Ta tafi sama tana zubar da hayaƙi, ta fashe, duwatsu suka amsa ɗaya bayan ɗaya. Karnukan gari suka ɗauka. Ƙarar da na ji ranar kasuwa ce, ba bambanci. Na tsaya ina jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina, bai motsa ba.

Da na koma ciki Basilisa ba ta shiga ƙarƙashin tebur ba. Tana tsaye gaban dutsen niƙa, ƙullin masara har gwiwar hannu. Ta kwance zanen aikinta, ta ninke shi a hankali, ta ajiye a kan kujera.

"Duk garin nan ke kaɗai na ɗauka ba za ki yi mini haka ba," in ji ta.

Ta fita ta bayan danga.

Ba a jima ba hanya ta cika. Mutane suka yi ta saukowa daga duwatsu da kyandir da furanni da buhunan masara, har da waɗanda suka shekara uku ba su gaishe ni ba. Gwaggo Tránsito ce a gaba, tana kuka tana cewa ita dama ta san ƙarya ake yi wa ɗan'uwanta. Tsofaffin masu roka suka cire huluna, ɗayansu ya riƙe hannuna ya ce ashe jinin Eleuterio bai bushe ba. Ɗan sanda ma ya zo da hularsa a hannu, ya yi gaisuwa, ya ce idan an gama jana'iza in leƙo ofis. Na ce to. Wasu mata suka hau dutsen niƙan suka ƙarasa masarar da Basilisa ta bari.

Washegari aka kai Baba. Maza har rige-rigen ɗaukar akwatin suke yi, Fada ya yi masa addu'a a cikin coci, aka faɗi sunansa da girma. Hanyar maƙabarta ta ƙofar Basilisa take bi. Ƙofar a rufe take, tagogin ma haka.

Da yamma, bayan mutane sun watse, na fito da kwandon masara tsakar gida. Na jawo kujeru biyu yadda na saba, na zauna a ɗaya, na fara ɓarewa. Ta cikin danga ina jin motsinta, tana share tsakar gidanta, ta ɗebi ruwa, ta kira kajinta. Daga nan na ji ta shiga ɗaki ta tura sakata. Na ci gaba da ɓarewa har kwandon ya ƙare.