Zakara a Bayan Motar Ƙwai

Sannu-Sannu ake ce masa, saboda ƙwai yake ɗauka. Shekara da shekaru yana jan motar gonar kaji zuwa shagunan cikin gari, ko kunkuru ne ya biyo shi sai ya kauce ya ba shi hanya. Amma wannan bawan Allah, wanda sai ya yi wa rami sallama kafin ya shiga, sau biyu ana kama shi da waya a kunne tun da aka kafa sabuwar doka. A na uku za a karɓe lasisi. Mai gona kuwa bai ɓoye masa ba: direban da ba shi da lasisi sai dai ya koma kwasar kashin kaji, shi ma in akwai gurbi.

Duka kamun biyu Inna ce ta kira. Inna, mahaifiyarsa, ba ta yarda akwai abin da zai hana ɗa ɗaukar wayar uwarsa ba, in ba ajali ba. In ta kira ba a ɗauka ba, ta ce ya yi haɗari. In ta sake, ta ce yana asibiti. Daga nan sai ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya. An taɓa yi masa haka yana wanka, ya fito da tawul ya tarar da yayansa a ƙofar gida yana salati.

Matarsa ce ta kawo dabara.

"Maigida, kai kana jin magana, hannunka ne ba ya ji. Ka ajiye ta inda ba zai kai ba."

"To in Inna ta kira fa?"

"Ta kira. Ai ba ta mutu ba lokacin da babu waya a duniya."

Da safe bayan an gama lodi, ya cusa wayar can ƙurya, bayan kiret na ƙarshe, ya rufe ƙofar baya ya sa sakata. Tsakaninsa da ita akwai ragar ƙarfe da ƙwai tsibi guda. Ya hau titi yana jin kansa kamar wanda ya yi sabuwar tuba.

Da yake yau hannunsa tsarkakakke ne, sai ya samu sukunin duba na mutane. Babu waya a kunnen kowa, gaskiya doka ta yi aiki. Sai dai kowane direba kansa a sunkuye yake, ido a cinya, kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa. Wani mai jar mota yana tuƙi da gwiwa. Sannu-Sannu ya girgiza kai. A da ido yana kan hanya, kunne ne kawai ya tafi yawo. Yanzu an saukar da wayar ƙasa don kada a gani, idon ya bi ta.

Yana hawa doguwar gadar da ba a tsayawa a kanta, zakara ya yi cara a bayan mota.

Autarsa ce ta sa wa lambar Inna wannan kukan, wai don kada ya ce bai ji ba. Ga shi kuma wayar tana karkarwa a kan ƙarfe, duk motar ta ɗauka.

Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya dawo. Ya tafi kujerar gefe, ya lalubo iska.

"Yi haƙuri, Inna," ya ce wa sitiyari. "Bari in sauka gada."

Gada kuwa ta cushe. A matsa taku biyu, a tsaya. Zakara ya yi shiru, ya ja numfashi, ya sake. To, yanzu ya yi haɗari ke nan. Ya kunna rediyo, ya kashe. Ya sauke gilashi, hayaƙi ya shigo, ya ɗaga. Ya buɗe maɓallin wuya. Zakara ya sake: yanzu yana asibiti.

Sai wani tunanin ya zo ya zauna masa a ƙirji. In fa wannan karon da gaske ne? Jiya da ya leƙa ta, ta ce kanta yana juyawa. Ta sha maganin kuwa? Ko ta zame a bakin famfo, maƙwabciya ce take kira da wayarta? Ya duba madubi, babu abin gani sai ƙwai, a jere, ba ruwansu. Ya auna ragar da ido, ko hannu zai shiga. Yatsa ma da ƙyar.

Hanya ta ɗan buɗe, ya taka mai fiye da yadda ya taɓa yi a rayuwarsa. Sai zakara ya tsinke a tsakiyar cara, ɗif. Wannan shirun ya fi kukan muni. Ya juya gaba ɗaya yana kallon baya, kamar raga za ta yi masa bayani.

Da ya juyo, bayan bas ne ya cika gilashin.

Ya danne birki da ƙafa biyu. Mota ta tsaya, tsakaninta da bas bai fi tafin hannu ba. Daga bayan motarsa aka ji wata ƙara mai laushi, doguwa, wadda duk mai ɗaukar ƙwai yake jin ta a mafarki.

Wanda ya ƙwanƙwasa gilashi shi ne dogon ɗan sandan da ya yi masa kamu biyun.

"A'a, Baba Sannu! Yau tsere ake? Mu ga hannu."

Ya ɗaga hannuwa.

"Cinya."

Ya buɗe. Dogon ya karɓi lasisinsa, ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya sa shi ya zazzage aljihu.

"Ina take? Ni na ga kanka ba ya kan hanya."

"Tana baya, ranka ya daɗe. Wajen ƙwai."

Suka gangara daga gada zuwa gefen titi, suka zaga bayan motar. Ana zare sakata, kwaiduwa ta malalo ta sauka a kan takalmin hukuma. Daga can ƙurya zakara ya sake cara.

Dogon ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya miƙa masa lasisinsa.

"Doka ta ce kada ka riƙe. Ba ka riƙe ba. Ɗauki mana, kafin ya tara mana kaji."

"Ba tarko ba ne?"

"Inji a kashe yake, Baba. Ɗauki."

Ya kutsa da gwiwa cikin ɓawo, ya ciro ta tana yauƙi, ya goga a wando.

"Inna! Lafiya? Me ya faru?"

"Kai zan tambaya! Har na sa yayanka ya tafi asibiti nemanka." Muryarta garau, har da tauna. "Dama cewa zan yi, in an samu fasassu yau, ka taho mini da ko uku ne."

Sannu-Sannu ya dubi motar, ya dubi titin da ya koma rawaya har bakin kwata. Ya taɓa lasisin a aljihu, ya tuna fuskar mai gona.

"An samu, Inna," ya ce. "Ki nemo babban kwano."