Ranar da Aka Kashe Fitilar Marlbeck

Bernadette, mai aikin gidan, na tsaye riƙe da tsani lokacin da Fada Aidan ya buɗe ɗan akwatin da ke kan bagade, ya ɗauko ƙoƙon azurfa mai murfi, ya lulluɓe shi da farin ƙyalle. Gurasa mai tsarki ce a ciki, wadda Katolika ke ɗauka jikin Ubangiji ce, ragowar ibadar Mas ta ƙarshe da aka yi a ɗakin sujada na gidan Marlbeck. Ya durƙusa har gwiwarsa ta yi ƙara, ya miƙe da ƙyar, ya sa ƙoƙon a jakar fata. Ƙofar akwatin kuwa ya bar ta a buɗe.

"Saura fitila, Bernadette," in ji shi, bai yarda sun haɗa ido ba.

Fitilar na rataye da sarƙa a gefen bagade, jan gilashi ne da kyandir mai kauri a ciki. Duk ɗan Katolika ya san abin da take faɗa: muddin tana ci, Ubangiji na cikin akwatin nan. Kakar Bernadette ta kula da ita, uwarta ta karɓa, yanzu ita, ga shi har furfura ta cim mata. In kyandir ya kusa ƙarewa, daga jikinsa ake kunna sabo. Mutanen gidan na cewa wutar nan ba ta taɓa mutuwa ba tun zamanin da ake ɓoye fada, wato limamin coci, a cikin bango don kada sojan sarki su rataye shi.

Ta hau tsanin a hankali. Ta hura, wutar ta kwanta ta sake miƙewa. Sai a hurawa ta biyu ta mutu, wani siririn hayaƙi ya tashi ya shiga mata ido.

"Ba son raina ba ne," Fada ya ce yana ɗaure jakar. "Majami'u huɗu ne a wuyana yanzu, ni kaɗai. Bishop ya ce inda ba a yin Mas a kai a kai, ba a ajiye shi. Ba ni da ta cewa."

"Na sani, Fada. Uwargida fa?"

Ya sosa ƙeya. "Zan riƙa leƙo ta in na sami sarari. Ke dai kada ki rufe ƙofar nan. Kada wani ya shigo ya durƙusa wa akwatin da babu kowa a ciki."

Ta raka shi har bakin mota. Talata ce, tsakiyar Oktoba, ganyen itatuwa duk ya zube ya rufe hanya. Ya ajiye jakar a kujerar gaba, ya ja mata ɗamarar kujera kamar mutum, ya tafi.

Tana shiga kicin ta tarar da Hugh, ɗan Uwargida Philippa, wanda gidan ke hannunsa yanzu. Ya shigo da takalmin gona duk laka, hannunsa cikin gwangwanin biskit.

"Mista Hugh, yanzu na goge ƙasan nan."

"Yi haƙuri, Bernie. Ya tafi?"

"Ya tafi."

"Kin kashe?"

Ta gyaɗa kai. Ya ajiye biskit ɗin, ya ja kujera ya zauna.

"To ki koma ki kunna. Ki tura ƙofar akwatin ta rufu. Kafin Mama ta sauko."

Bernadette ba ta yi mamaki ba. Ai ita ma tunanin ya ɗarsu a ranta tun tana kan tsani.

Uwargida Philippa ta haura tamanin, tunaninta ya daɗe da fara zubewa. Wani lokaci ta kira Hugh da sunan ubansa, wani lokaci ta tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfo. Ɗakunan da ta yi shekara da shekaru a ciki sun zame mata baƙi. Wuri ɗaya ne ya rage da take ganewa. Kullum bayan shayin la'asar ana tura ta a kekenta na marasa lafiya zuwa ɗakin sujada, da ta ga jar fitilar sai kafaɗunta su sauka, ta ciro carbinta, ta zauna shiru kamar wadda ta dawo gida daga doguwar tafiya.

"Ba zan iya ba," in ji Bernadette.

"Kyandir ne fa, Bernie. Kyandir da ashana."

"Ba kyandir ba ne, ka sani. Magana ce. In na kunna, na ce mata yana nan. Ta sunkuya, ta yi ta yi wa akwatin wofi addu'a, ni kuma ina tsaye a bayanta ina kallo."

"Allah ba zai ji ta ba ke nan, don akwati babu komai?"

"Kada ka yi mini wa'azi, Hughie. Ni na koya maka Ubanmu da ke Sama, a kan teburin nan, majina na zubo maka."

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Sai ya shafa fuska da hannu biyu.

"Kin tuna bazarar da ta wuce? Ta tambayi ina Baba, waccan yarinyar mai jinya ta ce mata ai ya rasu da daɗewa. Kin ga abin da ya biyo baya. Kuka kamar ranar aka yi mutuwar. Ta daina cin abinci, sai da muka kwana asibiti ana ƙara mata ruwa. Likita ya ce jikinta ba zai ɗauki irin wannan sau biyu ba. Wannan kuwa ya fi mutuwar Baba a wurinta, ke ma kin sani." Muryarsa ta yi ƙasa. "Uwata ce, Bernie. Ba umarni nake ba ki ba. Roƙonki nake."

Da tsawa ya yi mata da ya fi sauƙi. Ya miƙe ya fita, ya bar mata laka da magana.

Da tsakar rana ta kai wa mijinta Colin shayi a lambu. Shi ne mai kula da lambun gidan, ɗan cocin Metodis ne, ba Katolika ba, wanda rabonsa da majami'a tun ranar aurensu. Ya tara ganye tsibi guda yana ƙonawa. Ta ba shi labari, ya saurara yana kurɓa.

"Ga wuta nan kyauta, ɗebi ki kai musu," ya ce.

"Kai dai arne ne, da ma ban san abin da ya sa na faɗa maka ba."

"Arnen da ya aure ki da kowa ya ƙi." Ya kauce wa hannunta yana dariya. Sannan ya natsu. "Bern, ni ban san kan abubuwanku ba. Amma tsohuwar nan ta kusa gangarawa. In jar fitila ce ke sa ta barci, ni da hannuna zan kunna miki, ki ce ba ki gani ba. Zunubin ya hau kaina, ai akwai wuri."

"In ka kunna, ni zan tura ta ciki. Duk ɗaya ne."

"To kin shiga uku."

"Na gode da shawara."

Ta koma cikin gida. Ta yi guga, ta canza zanin gadon Uwargida, ta ba ta miya a baki, hankalinta na wani wuri. Da la'asar ta kawo kai sai ta tsinci kanta a ɗakin sujada, da sabon kyandir a hannu da ashana a aljihu.

Ɗakin ya yi mata wani iri. Ga kujeru yadda suke, ga allunan kakannin gidan a bango, ga ƙanshin tsohon turare, amma kamar ɗakin da aka fitar da gawa. Ta hau tsanin, ta sa kyandirin cikin gilashi, ta ƙyasta ashana.

Ba wanda zai sani. Fada ba zai dawo nan kusa ba. Kuma me Uwargida ta yi da za a ƙwace mata ɗan abin da ya rage? Matar da ta tsaya wa Bernadette ranar da aka binne uwarta, ta riƙe mata hannu a bakin kabari cikin ruwan sama.

Amma idonta ya sauka kan akwatin. Daga saman tsani ana ganin cikinsa sarai, farin siliki da ya yi rawaya, da zagayen da gindin ƙoƙon ya bari. Ta hango Uwargida ta sunkuyar da farin kanta gaban wannan, tana raɗa masa asirinta. Matar da duk duniya yanzu ke yi wa ƙarya don alheri, a ce mata magani alewa ce, a ce mijinta ya je kasuwar shanu. Nan kaɗai ne ba a taɓa yi mata ƙarya ba.

Wutar ta kai yatsanta. Ta yarfe ashanar, ta sauko, ta naɗe tsanin ta kai bayan ƙofa. Ba ta ji ta yi abin kirki ba. Tsoro kawai take ji.

Uwargida Philippa ta sha shayinta, ta ci rabin gurasa da zuma. Bernadette ta lulluɓa mata bargo a gwiwa, ta tura keken ta doguwar barandar da ke kaiwa ɗakin sujada. Hugh ya fito daga ofishinsa ya bi su. Ya dubi Bernadette da alamar tambaya, ta kau da kai. Ya ɗauka ta yi abin da ya roƙa, har ya taɓa kafaɗarta.

Da suka shiga, ya ga fitilar duhu, ya ga ƙofar akwati a buɗe, fuskarsa ta canza. Ya matso kusa da kunnenta.

"Juya da ita. Yanzu."

Amma Uwargida ta riga ta gani. Hannunta da ya ɗago zai yi alamar gicciye ya tsaya a iska. Ta dubi fitilar, ta dubi akwatin, ta sake duban fitilar. Leɓenta ya fara motsi. Bernadette ta zagayo ta durƙusa a gabanta, ta kama hannuwanta masu sanyi.

"Uwargida," ta ce, "ba ya nan. An ɗauke shi."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Sai ta tsuke baki, irin yadda take yi a da in ta ga ƙura a kan tebur.

"To ai ina da ido, Agnes." Sunan uwar Bernadette ke nan. "Abin da ban gane ba shi ne, a ce yau Babbar Juma'a, a rasa wanda zai gaya mini a gidan nan? Har kika ba ni zuma!"

Bernadette ta juya ta dubi akwatin. Ko kusa wannan bai zo mata a rai ba. Rana ɗaya ce a shekara ake ganin ɗakin sujada haka, ranar tunawa da gicciye, gab da Ista, ranar azumi da ba a cin nama sai kifi. A ranar ake kai ƙoƙon ɗakin baya, wutar ta bi shi can, a bar akwati a buɗe, fitila duhu, har daren tashi daga matattu. Uwargida ta ga haka duk shekarar rayuwarta. Ta taga kuwa ana hango hayaƙin ganyen Oktoba yana tashi daga lambu.

Hawaye suka zubo wa Bernadette, ta kasa tsayar da su.

"Haba, 'yar nan," in ji Uwargida, ta zare hannu ɗaya ta shafa mata kai. "Kullum sai kin yi kuka ranar nan, kamar ba ki san ƙarshen labarin ba. Ai zai dawo. Yi haƙuri zuwa Lahadi." Ta waiwaya ta ga Hugh tsaye kamar an dasa shi. "Kai kuma, saurayi, ko wane ne kai, in ba za ka yi addu'a ba ka zauna, ka tsare mini haske."

Hugh ya zauna.

Uwargida ta ciro carbinta ta fara ja. Ba ta sunkuya wa akwatin ba, a ranar nan ba a yi. Kafaɗunta suka sauka a hankali. Suka zauna su uku har hasken taga ya fara ja baya.

A hanyar komawa Uwargida ta ɗaga yatsa ba tare da ta waiwaya ba. "Ina fata dai ba nama kika ɗora ba."

"Zan duba, Uwargida."

Bayan an kwantar da ita, Hugh ya tare Bernadette a bakin kicin. Idonsa ya yi ja.

"Gobe fa?" ya ce a hankali. "Gobe za ta manta, ta sake shiga, ta sake gani."

"I."

"Ta sake cewa Juma'a ce. Jibi ma haka."

"Wataƙila. Wataƙila kuma a'a. Ban sani ba, Hughie."

"In ta tambaye ki kai tsaye fa?"

"Zan faɗa mata abin da na faɗa yau."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya gyaɗa kai ya wuce.

Bernadette ta sauke tukunyar naman rago daga kan wuta, ta rufe ta, ta ture gefe. Ta buɗe ƙofar baya ta ƙwala wa Colin kira. Ya taho yana goge hannu a wando.

"Ɗauki mota ka je gari kafin mai kifi ya rufe."

"Kifi? Yau Talata fa."

"Na sani."

"Na mutum nawa?"

Ta dubi tagar ɗakin sujada da ba ta taɓa gani da duhu a irin wannan lokaci na shekara ba.

"Ka dai sayo da yawa," ta ce.