Sallamar Mu'awiya

Ɗan sandan ya murɗa mabuɗi, ankwar ta buɗe, amma Mu'awiya bai raba hannuwansa ba. Ya bar su a haɗe kan cikinsa, yana kallon alƙali, yana kallon lauyarsa Mardiyya.

"Shi ke nan, Barista?"

"Shi ke nan. An sallame ka. Sauke hannunka."

Mu'awiya mai gyaran waya ne a kasuwar Bagega. Bayan da 'yan bindiga suka afka wa Tungar Makau suka karkashe mutane, an tsinci wata waya da suka yar a bakin rafi, aka ga lambarsa a ciki. Washegari aka ɗauke shi daga rumfarsa da sunan infoma. Tun farkon damina yake tsare, ga shi har an kai amfani gida, mai gabatar da ƙara bai kawo ko mutum ɗaya da zai ce ya gan shi tare da su ba. Yau a kotun majistare ta Anka, Mardiyya ta miƙe ta ce rabin mutanen yankin nan suna da lambar mai gyaran waya, har da ɗan sandan da ya kamo shi. Alƙali ya dubi mai gabatar da ƙara, shi kuwa ya shiga juya takardunsa.

Wannan ce shari'ar farko da ta ci ita kaɗai, ba ta ma cika shekara da zama lauya ba. Abokan karatunta har gobe suna cewa ta yi wauta. Wani babban ofishin lauyoyi a Abuja, inda ta yi koyon aiki, ya nemi ta zauna. Ta yi watanni a can cikin ɗaki mai sanyi tana duba takardun kamfanonin haƙar ma'adinai, tana ganin sunayen garuruwan da ta sani sun koma ɗigo a kan taswira. Ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ba ta taɓa ganin fuskar wanda take yi wa aiki ba. Ita kuwa 'yar Yargalma ce. Tana yarinya gubar dalma ta ci ƙanenta yana goye a bayan Inna. Likitoci sun zo, 'yan jarida sun zo da kyamarori, amma ba ta tuna wani lauya da ya tako garin ba. Shi ya sa da ta gama sai ta ɗauki jakarta ta nufi Gummi, ofishin Barista Abdussamad, ɗaki biyu a saman wani shagon magani, inda manoma ke hawowa su zauna a tabarma su faɗi abin da ya kawo su.

Yau Barista Abdussamad yana da wata shari'ar gona a Bukkuyum, don haka ya turo ta da Kamilu direba a tsohuwar motar ofis.

Suna fitowa harabar kotu Kamilu ya tare su, fuskarsa ba daɗi.

"Barista, mu yi sauri. Mutanen Tungar Makau sun ji labari. Tun ɗazu nake ganin babura na shigowa."

Ta duba bakin ƙofa. Mutane ne tsaitsaye a gindin dalbejiya, ba hayaniya. A cikinsu ta gane Tanko, dogon mutum mai furfura a gemu, wanda aka kashe wa ƙane da ɗan fari a harin. Duk zaman da aka yi yana bencin baya. Sau ɗaya har ya gaishe ta, ya tambaye ta gajiyar hanya.

"Kwanta a kujerar baya," ta ce wa Mu'awiya. "Kada ka ɗago."

Sun fita ƙofa lafiya. Sun wuce masu shayi, sun kusa kwanar da za ta hau da su babban titi, sai ga amalanke a gicciye a hanya. Kamilu ya taka burki, ya sa ribas, babura biyu suka rufe bayansa.

Dutse na farko ya tarwatsa gilashin gaba. Mardiyya ta ji ɓarɓashinsa a fuskarta, ta ji ɗumin jini yana bin kumatunta. Na biyu ya sami Kamilu a goshi, ya kife kan sitiyari, ƙahon motar ya kama kuka. Kafin ta juya an fizge ƙofar baya. Hannuwa suka shigo suka kama ƙafafun Mu'awiya. Ya rungume bayan kujerar Mardiyya yana kiran sunan Allah, yana kiranta.

"Barista! Barista, ki gaya musu an sallame ni!"

Wani ya sauke gora a kan yatsunsa. Ta ji ƙarar karyewarsu kusa da kunnenta. Aka ja shi waje, kansa ya bugi bakin ƙofa, ya faɗi a ƙasa.

Ba ta san yadda ta fito ba. Ta dai ga kanta tana ture mutane da kafaɗa, takalminta ɗaya ya fita. Sun yi masa zobe, gorori na tashi suna sauka. Ya dunƙule, ya rufe kansa da hannuwa, wani matashi yana harbinsa a haƙarƙari. Ta faɗa kansa, ta rufe shi da jikinta.

Dukan ya tsaya. Gora ɗaya da ta riga ta taso ta sauka a bayanta, numfashinta ya ɗauke, amma ba ta sake shi ba.

"Tashi, ɗiyata." Muryar Tanko ce. Yana tsaye a kanta, adda a hannunsa. "Ba da ke muke ba."

"Baba, kotu ta sallame shi. Babu shaida ko ɗaya. Na rantse da Allah na duba komai, babu."

"Kotu?" in ji Tanko. "Ina kotun take ranar da munka jera gawa ƙofar masallaci? Ɗana an yanka shi gaban uwa tai. Wa yak kai su gidana? Wa yan nuna musu hanya?"

"Ban sani ba, Baba. Amma ba shi ba ne."

"Lamba tai na cikin wayarsu!"

"Tana cikin taka ma!"

Wani daga baya ya yi ihu, "Kuɗi sunka ba ta! Lauyar ɓarayi!" Taron ya sake matsowa. Mu'awiya ya ɗan ɗago kai daga ƙarƙashinta, bakinsa cike da jini, yana son ya yi magana. Ta ga addar ta tashi, ta ɗaga hannunta ta tare. Ba ta ji zafi ba da farko, sai wani sanyi, sannan ta ga hannun rigarta ya rabe biyu, naman ya buɗe har fari ya bayyana.

Aka kama hijabinta ta baya aka ja ta a ƙasa kamar buhu, aka watsar da ita gefen kwata. Daga nan ta ga sauran ta tsakanin ƙafafun mutane. Ta ga addar ta sauka, ta sake sauka. Ta ga ƙafar Mu'awiya tana shure-shure, sannan ta daina. Wani yana cewa a kawo taya, wani yana zuƙo fetur daga babur da tiyo. Matasa biyu sun ɗaga wayoyi suna ɗauka.

Ƙarar bindiga ta tashi daga wajen kotu, 'yan sanda suna harbi sama. Nan take titi ya watse, aka bar takalma da gorori da galan ɗin fetur yana tsiyaya. Tanko kaɗai bai gudu ba. Ya ajiye addar, ya zauna a bakin titi ya miƙe ƙafafu, yana kallon tafin hannunsa har suka iso suka kifa shi.

A asibiti aka ɗinke hannun, aka ciccire gilashi daga fuskarta. Kamilu ya farfaɗo. Mu'awiya kuwa tun a bayan motar 'yan sanda ya cika.

Barista Abdussamad ya iso bayan azahar, ko baƙar rigar kotu bai cire ba. Ya tsaya bakin gadon Mardiyya.

"Da na bar shi a gidan yari da yanzu yana da rai," ta ce.

"Da yana da rai, haka ne."

Ta juyo ta dube shi. Ta zaci zai lallashe ta.

"Ba zan ce miki ƙarya ba, Mardiyya. Ya kamata in nemi rakiyar 'yan sanda tun jiya, ban kawo abin zai kai haka ba. Amma aikin da kika yi a gaban alƙali daidai ne. Ki riƙe wannan daban, ki riƙe wancan daban, in ba haka ba ba za ki sake tsayawa a kotu ba." Ya share fuska da hularsa. "Na aika a ɗauko Innarki. Ni zan tafi Bagega in gaya wa matar Mu'awiya, kada ta fara gani a waya."

Bai daɗe da fita ba wayarta ta yi ƙara. Amira ce, ƙawarta ta makarantar lauyoyi, wadda ke aiki a wancan ofishin na Abuja. Ta riga ta ga bidiyon, kuka take yi.

"Don girman Allah ki taho. Na yi wa oga magana, ya ce ƙofa a buɗe take. Me kike nema a wurin nan? So kike sai sun kashe ki?"

"Amira, yanzu aikin me kike yi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Yarjejeniyar wani kamfani ce, ta hayar fili."

"Kin san sunan masu filin?"

"Ina zan san su?" in ji Amira.

"Ni na san sunan 'yar Mu'awiya," in ji Mardiyya. "Hamida. Yana tsare aka yaye ta." Ta kashe wayar, ta juya fuska bango. Sai a lokacin kukan ya zo, yana jijjiga ɗinkin hannunta.

Wajen la'asar ta ji motsi a bakin gado. Wata tsohuwa ce durƙushe a kan siminti, zanenta duk ƙura, ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu.

"Ke ce lauyar?"

"Ni ce, Iya. Tashi ki zauna."

Tsohuwar ba ta tashi ba. "Sunana Sahura. Ni na haifi Tanko."

Ma'aikaciyar jinya da ke gyara ƙarin ruwa ta saki baki. "Ke kuwa Iya, da wane ido kika shigo nan?"

"Da wanda ya rage min," in ji tsohuwar, ba ta ko dube ta ba. "Ɗiyata, ban zo in ce bai yi ba. An gaya min abin da yay yi miki, da abin da yay yi ma ɗan mutane. Amma na je inda anka kai shi, sun hana ni ganinsa, ina jin kukansa daga waje, dukansa suke. Ɗaya an kashe min, jikana an kashe min, shi kaɗai ya saura. Na tambaya ina ake samun lauya, kowa ya ce ke ɗai ce anka sani kina tsaya ma talaka."

Mardiyya ta dubi bandejin da ya fara rinewa da jini. Da ta rufe ido ƙafar Mu'awiya take gani. Ta so ta ce a fitar da matar nan, maganar har ta zo bakinta.

"Iya, ba zan tsaya masa ba," ta ce a hankali. "Ni shaida ce. Ranar da aka kira ni zan faɗi abin da idona ya gani, ba zan rage komai ba. Kin ji?"

"Na ji."

"Amma ba a dukan mutum a tsare, ko me ya yi. Akwai wani abokin karatuna a Gusau, ofishinsa ƙarami ne kamar namu. Idan ya kama hanya yanzu zai iso kafin 'yan sanda su rufe ƙofa."

Ta laluba wayar da hannun hagu, amma ta kasa riƙewa da dannawa da hannu ɗaya. Ta miƙa wa tsohuwar.

"Riƙe min nan, Iya. Daidai fuskata."

Sahura ta ajiye takalmanta, ta karɓi wayar da hannu biyu. Mardiyya ta danna, suka jira tana ringin.