Hannun Hagu na Baba Ajimi

"Sassauta, Baba, za ka karya mini hannu," in ji Shamsu.

Ya riga ya ɗago tsohon daga tabarma, yana ƙoƙarin jingina shi da bango don matar tsohon, Iya Yakura, ta canza shimfiɗa. Baba Ajimi bai sassauta ba. Hannunsa na hagu, wanda shi kaɗai ciwon ya bar masa, ya damƙi dantsen Shamsu, yatsun suna tafiya a kan fata, wannan ya danna, wancan ya ɗaga, su koma su sake jeri. Shamsu ya daɗe yana jin wannan abu kowace safiya, yana zaton makyarkyata ce irin ta masu shanyewar ɓarin jiki. Ranar dai ya tsaya ya kalla da kyau, ya ga makyarkyata ba ta da tsari haka.

"Me kake ja ne, Baba? Tasbihi?"

Iya Yakura ta yi ɗan tsaki tana kakkaɓe zane. "Tasbihin ina? Gita yake kaɗawa. Shekara da shekaru a jikina ya kaɗa ta, yanzu ya samu naka."

Shamsu ɗan kabu-kabu ne mai haya da moto, wato babur, a Dungas, katanga ɗaya ta raba gidansa da na Baba Ajimi. Tun da ciwon ya kayar da tsohon a gona lokacin girbi, shi ke shigowa kafin ya fita tasha ya ɗaga shi, domin Iya ba ta da ƙarfin, ɗansu Malam Sadiƙu kuma yana makarantar da yake koyarwa tun da sassafe. Ɗakin da aka kwantar da tsohon yana daf da zaure, ƙofarsa gajera, tagarsa ba ta fi faifai ba. Daga kaka zuwa wannan bazara Baba Ajimi bai ga titi ba, sai azarar rufi da fuskokin 'yan dubiya.

Duk zaman maƙwabtakar nan Shamsu bai taɓa sanin tsohon ya riƙe wani abu ban da hauya ba. Sai ranar Iya ta ba shi labari a tsaitsaye: yana saurayi ya yi kiɗa a wani orkes, wato ƙungiyar makaɗa, a Damagaram, ana kai su biki har Magariya da Waca. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo gona. Gitar kuwa ya rabu da ita lokacin da yara suka fara kiran ɗansa ɗan maroƙi.

Shi ma Shamsu yana da nasa ciwon da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Hanya ɗaya yake bi kullum, Dungas zuwa Magariya, Magariya zuwa Dungas, ya san kowane rami da kowane yashi, har ya gaji da sanin. Abin da ke rage masa hanyar shi ne kiɗan gita da yake saurara a waya. To amma magidanci mai mata da 'ya'ya biyu ya buɗe baki ya ce yana son koyon gita? 'Yan tasha ba za su bar shi ya sha ruwa ba.

Ya durƙusa. "Baba, in na samo, za ka koya mini?"

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Bakinsa ya karkace, magana tana fita da ƙyar, sai an kai kunne.

"Dama ta mutu. Hagu na nan." Ya haɗiye yawu. "Kai ka zama dama. In ji ta sau ɗaya."

Shamsu mutum ne mai bin ta ƙofa, don haka da yamma ya tari Malam Sadiƙu a zaure ya faɗa masa. Malam bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne.

"Shamsu, abin da kake yi wa tsohon nan Allah ne kaɗai zai biya ka. Amma ka dube shi. Ƙafa ɗaya a kabari. Ni burina ya cika da kalmar shahada a bakinsa, kai kana maganar kawo masa kiɗa. Ka yi haƙuri, wannan abu ba zai shiga gidan nan ba."

Shamsu ya juya ya koma gida. Uban na Malam ne, gidan ma yanzu a hannunsa yake. Ko da ma ya so ya yi satar hanya, ɗakin majinyaci a Dungas ba ya zama babu mutum. Wannan ya fita, wancan ya shigo da sannu, tsofaffin unguwa su baje a ƙofa har la'asar.

Washegari tsohon ya ƙi kunu. Ya juya fuska bango, hannun hagun ma ya kwanta shiru a kan zane. Iya Yakura ta bi Shamsu har bakin zaure.

"Ran Juma'a in an tafi masallaci ba namiji ko ɗaya a layin nan," in ji ta, ba ta kalle shi ba. "Yaron nan Sadiƙu shi ke fara fita, shi ke ƙarshen dawowa. Ni dai ban ce maka komai ba."

Wato sai Shamsu ya bar sallar Juma'a ke nan, abin da bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Amma da ya koma ya raɗa wa tsohon, sai ga Baba Ajimi ya nemi kunu, ya kuma shiga karatu, kalma ɗaya-ɗaya, yana hutawa.

"Kar ka bi sheƙi. Kyan ɗan maciji ne." Ya huta. "Ɗaga ta, ka hangi wuyan daga ƙasa, kamar mai duba gora. In ya lanƙwasa, ajiye. Tsirkiya ta roba, ba ta ƙarfe ba, ƙarfe yanka sabon hannu yake. Murɗa kunnuwan, ka ga suna riƙewa." Sai ya kama rigar Shamsu. "Babban abu, kar tsirkiya ta yi nisa da wuya. Tsinken ashana biyu a haɗe, su shige da ƙyar. In ta fi haka, ba zan iya dannawa ba. Ba ƙarfi."

Ranar kasuwar Magariya Shamsu ya ɗauki kuɗin da ya tara na sabuwar taya, ya nufi rumfar wani mai kayan gwanjo, Nassirou, wanda ke shigo da rediyo da fanka da tarkace daga tsallaken iyaka. Gita uku ce rataye a rumfar. Nassirou ya sauko da wata ja mai walƙiya, yana shafa ta.

"Wannan ita ce daidai da kai. Sabuwa fil, kuma ita ta fi araha."

Sai da zuciyar Shamsu ta motsa, don gitar ta yi kyau ba ƙarya. Ya ɗaga ta ya hanga, ya ga wuyan ya yi doro. Ya zura ɗan yatsa ƙarƙashin tsirkiya, ya shige har gaɓa. Ya ajiye. Ta biyu kunnenta ɗaya sai juyawa yake ba ya kamawa. Ta ukun wata tsohuwa ce mai launin ƙasa, duk ta ƙwarzane, an lilliƙa mata hotunan 'yan ƙwallo. Ya hanga, wuya a miƙe. Ya fito da ashana, 'yan rumfar kusa suna ta dariya wai zai kunna mata wuta. Tsinke biyu suka shige da ƙyar.

"Wa ya aiko ka?" in ji Nassirou. "Wannan ba idonka ba ne."

Suka yi ciniki, kuɗin taya ya isa, har da ɗan abin da ya rage na mai.

To, a nan gizo ya yi saƙarsa. Baba Ajimi ya faɗi komai game da zaɓe, bai faɗi komai game da ɗauka ba, domin a zamaninsa rungume ta ake yi a mota. Shamsu kuwa ɗan kabu-kabu ne, kuma ɗan kabu-kabu abu ɗaya ya sani da kaya: a ɗaure shi ya daina motsi. Ya zura gitar a buhu don kar a gani, ya kwantar da ita a bayan moto, ya zaro robar ɗauri irin wadda yake ɗaure buhun gero da akuya, ya taka da ƙafa ya ja, ya zagaya ciki, ya zagaya wuya, ya sake ja har robar ta yi ƙara. Ranar kasuwa ce, ga fasinja, ba ya iya juya musu baya. Haka ta wuni a bayansa cikin ranar bazara, ramuka suna wurgi da ita. Da ya iso gida ya tura buhun ƙarƙashin gado, yana jin daɗin ko ƙwarzane ɗaya bai ƙaru ba.

Juma'a ta zo. Ya laɓe a ɗaki yana jin takun mutane suna wucewa, ƙamshin turare yana shigowa ta katanga, kunya ta rufe shi kamar ɓarawo. Da lasifika ta fara huɗuba ya ɗauki buhun ya shiga. Iya Yakura ta ɗauko kujera ta zauna a bakin zaure da faifan tsinta.

Ya jingina tsohon da bango, ya zauna a damansa, kafaɗa da kafaɗa, ya ɗora gitar a kan cinyoyinsu. Baba Ajimi ya shafa wuyan daga sama zuwa ƙasa. Sai hannun ya tsaya.

"Ka gwada ashana?"

"Wallahi na gwada, Baba."

Shamsu ya duba. Zafi da ɗauri sun saki mahaɗin wuyan, ya ɗan tashi, tsirkiya ta yi sama. Yanzu ko tsinke huɗu sa shige a sake.

"Yaya ka ɗauko ta?"

"Ɗaurewa na yi. Da roba."

Kafaɗar tsohon ta shiga rawa. Shamsu ya zaci kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda rabin fuska ke yi. "Akuya," in ji shi. "Akuya ka sayo."

Shi Shamsu bai ga abin dariya ba, ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tsohon ya ce ya dinga taɓa tsirkiya ɗaya-ɗaya, shi yana murɗa kunnuwan da hagunsa, kai a karkace yana saurare. Wannan kaɗai ya cinye rabin huɗuba. Sa'annan ya jera yatsu uku a wuya ya ce, "Kaɗa."

Shamsu ya kaɗa. Abin da ya fito wani ɗan dum ne maras rai. Tsohon ya sake dannawa, jijiyoyin hannunsa suka tashi, zufa ta keto masa a goshi. Dum. Tsirkiyar ba ta kai wuya. Ya gwada, ya gwada, sai hannun ya zame ya faɗi a kan zane. Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya motsi. A masallaci liman ya zauna tsakanin huɗuba biyu, garin ya yi tsit.

"Baba, mayar da hannun," in ji Shamsu.

Ya zagaya hannunsa na hagu ta bayan tsohon, ya rungumo shi, ya ɗora yatsunsa a kan na tsohon, kowane a kan ɗan'uwansa. "Kai ka nuna wuri, ni in danna."

"Da ƙarfi," in ji tsohon.

"Zai yi maka ciwo."

"Danna."

Ya danna, ya kaɗa da dama. Sauti ya tashi, a hankali, mai ɗan zuza, amma cikakke, ya cika ɗan ɗakin nan. Yatsun tsohon suka motsa ƙarƙashin nasa, ya bi su, ya danna, wani sautin ya fito. Suka koma na farko, suka je na uku. Sau da yawa Shamsu yana makara, tsohon ya zungure shi da kai. Can abin ya fara kama da waƙa. Shamsu bai san ta ba, amma daga zaure ya ji Iya Yakura ta daina tsinta, tana bin ta da hanci.

Ba su ankara ba sai muryar liman suka ji yana sallama. Iya ta leƙo. "Tashi, ɗan nan, tashi." Shamsu ya cusa gitar a buhu, ya kwantar da tsohon. Baba Ajimi yana haki, idonsa a kan azara.

"Mako mai zuwa, Baba. Zan kai a gyara wuyan."

"Ka ji inda yatsun suke zama?"

"Na ji."

"To."

Bayan la'asar, Shamsu yana wanke moto a ƙofar gida, ya ji salatin Iya ta bayan katanga. Malam Sadiƙu yana kusa da tsohon lokacin da ya cika, in ji mutane, kuma ya laƙƙana masa shahada, ya amsa. Wannan ya sanyaya wa Shamsu rai, amma tsoro bai bar shi ba, yana ta tunanin ko wahalar da ya ba tsohon ce ta ƙarasa shi.

Malam da kansa ya ce zai wanke mahaifinsa, ya kuma ce a kira Shamsu ya riƙe buta, tunda shi ya saba ɗaga shi. Aka kewaye bayan ɗaki da zana. Malam ya wanke dama, yana karatu ƙasa-ƙasa. Ya ɗago hannun hagu ya buɗe tafin, sai karatun ya tsaya.

A kan yatsu uku, daidai baki, ga layukan tsirkiya nan sirara sun nutse cikin fata, ba su koma ba.

Malam ya daɗe yana kallonsu. Ya sa babban yatsansa ya shafa ɗaya, a hankali. Shamsu yana durƙushe, yana jiran tambaya. Malam bai ɗago kai ba.

"Ina yaro, haka suke kullum," in ji shi.

Ya tallabi hannun a cikin nasa.

"Zuba, Shamsu."

Shamsu ya karkata buta, ruwan ya bi ta tsakanin yatsun ya gangara cikin yashi.