Inci Huɗu Daga Ƙugu

Wanda ya fara shigo da firiji shagon ɗinkinmu shi ne ƙanena, Auta, a shekarar da muka sauya kekunan ƙafa da na lantarki. Mahaifinmu ya shekara arba'in a shagon nan bai taɓa shan komai a bakin aiki ba sai ruwa. Auta kuwa ya cika firijin da lemon kwalba, ya kwashe maɓallai daga aljihun tebur ya zuba biskit da alewa. Da rana taliyar leda biyu, da yamma burodi da bota. Aka shekara tara a haka, har ya zamana tumbinsa ke fara isa keke kafin hannunsa.

Sai ido ya fara ba da sanarwa. Mutumin da a da yake zura zare a allura yana hira ya koma lasar zare sau biyar yana kuskure. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari. Tela kuma in ido ya tafi, sana'a ta tafi, shi ya sa matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likita ta auna jininsa, ta ce sukari ya hau. Ta yi masa bayani cewa kitsen ciki ba zaman banza yake yi ba: shi ke hana jiki sarrafa sukari, yana jawo hawan jini, sukarin kuma yana lalata ƙananan jijiyoyin ido. Ta rubuta magani, ta rufe da cewa, "Ka rage inci huɗu daga ƙugu, ka dawo bayan wata uku."

Auta ya dawo shago yana fara'a. "Yaya, ashe maganin ma sana'armu ce!"

Ban fahimce shi ba sai washegari, da ya shigo yana tafiya a sandare, numfashi sama-sama. Ashe ya tattara wandunansa bakwai, ya farke, ya rage wa kowanne inci huɗu. Yana ƙoƙarin zama, maɓallin wandon ya yi tsalle ya bugi gilashin taga. Matarsa, wadda ta biyo shi da maganin da ya manta, ta dafa bango saboda dariya.

"Maigida, ƙugunka ta ce, ba na wando ba!"

"Shekara talatin ina wannan aiki," in ji shi. "In an ce a rage ƙugu, almakashi ake ɗaukowa. Yaya, ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba. Ina rarar yadin?"

Ƙa'idar shagonmu tun zamanin mahaifinmu ita ce ba a yanke rara, ninke ta ake yi a ciki saboda gaba. Auta, don zumuɗi, ya yanke ya zubar.

Nan take na yanke hukunci a matsayina na babba: babu keken da zai ɗinka masa sabon wando a shagon nan. Tunda wandunan ba za su koma wurinsa ba, shi zai je wurinsu.

"Yaya, tsirara zan riƙa yawo?"

"Akwai mai robar nan da kake kwana da shi," in ji matarsa. "Ya ishe ka zuwa aiki."

Aka kwashe lemon, aka cika firijin da ruwa. Matarsa ta riƙa aiko masa da wake, da ganye, da kifi a ƙaramin kwano. Ya ajiye babur, yana takowa daga gida yana mita. Kowace Litinin nakan zagaya ƙugunsa da tef ɗin awo, in ce masa, "Saki numfashin, malam, mu ma teloli ne."

Inci uku suka tafi cikin wata uku. Na huɗun ya yi taurin kai, sai da ya ci wata biyu shi kaɗai.

Ga abin da aka samu. Sukari ya sauka, ko da yake likita ta ce magani yana nan daram. Ido bai koma kamar na samartaka ba, amma ya tsaya inda yake, kuma da tabarau Auta yana zura zare a karon farko. Wanduna shida sun shige shi. Na bakwai, wanda ashe ya zarce ya rage wa inci biyar, matarsa ta ajiye shi a ƙasan akwati, ta ce na baɗi ne.